Ƙurar Aikin Hanya a Yamai Ba Ƙaddara Ba Ce

A wani shirin rediyo na safe da ake bai wa masu sauraro damar bugo waya, wata mata ta yi kukan cewa tun da aka fara haƙa a babbar hanyar da ta ratsa unguwarsu ba ta ƙara shanya tufafi a tsakar gida ba, ƙaramin ɗanta kuma tari ya hana shi barci. Ba ta gama rufe baki ba wani mutum ya bugo ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, wanda yake son ci gaba dole ya shaƙi ƙura." Mai gabatar da shirin ya yi dariya, aka wuce zuwa wani batu. Wannan amsa ta dame ni ƙwarai, domin ita ce amsar da akasarinmu muke bayarwa, kuma saboda ita ne ba a tambayar kowa komai.

Ra'ayina shi ne ƙura da ƙara da ruwan datti da suke fitowa daga wurin aikin hanya, musamman inda ake haƙa hanyar da za ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, wani ɓangare ne na kuɗin aikin, kuma dole wani ya biya shi. Ko dai a biya shi a cikin kwangila, a sayi tampol, a ɗauki motar yayyafa ruwa, a gina ramukan tace ruwa, ko kuwa maƙwabtan aikin su biya shi a kantin magani da kuma a cikin cinikin da ya tsaya musu. Abin da muka saba yi shi ne na biyun, alhali ba a taɓa tambayar maƙwabtan ko sun yarda ba.

Ba na adawa da aikin kansa. Duk wanda ya san Yamai kafin gadar sama ta Mali Bero da aka buɗe a 2013, da ta shataletalen Shahidai a 2016, da ta Diori Hamani kusa da kasuwar Katako a 2018, ya san irin cunkoson da suka rage. Ta Diori Hamani ma hawa uku ce, har da sashen da motoci suke bi ta ƙarƙashi. Birnin yana ta faɗaɗa ta kowace kusurwa, saboda haka irin waɗannan ayyuka za su ci gaba da zuwa, kuma galibi inda jama'a suka fi yawa za a yi su, tunda can ne cunkoson yake.

Hanyar ƙarƙashin ƙasa a birni irin namu haƙa ta ake yi daga sama. Ana fasa kwalta, a tona rami mai zurfi, a kwashe ƙasa da manyan motoci, a zuba kankare a gefuna da ƙasa, sa'an nan a rufe saman. Kowane mataki yana da nasa sharrin: fasa kwalta ƙara ne, kwasar ƙasa ƙura ce, zurfin ramin kuma ruwa yake tarawa wanda sai an zuƙe shi an zubar a wani wuri.

"Ai mu dama cikin ƙura muke"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso mana hazo daga Sahara, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Akwai ranakun da mutum zai tsaya a kan gadar Kennedy ya kasa hango Harobanda da ke tsallaken kogi sosai. Sai a ce, to mene ne ƙurar mota goma a gaban wannan?

Amsa ta farko ita ce mutumin da huhunsa ya riga ya ɗauki kaya shi ne ya fi cancanta a sassauta masa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ƙurar da ake kira PM10 bai kamata ta wuce maikirogiram 45 a kowace kubik mita ta iska a cikin yini guda ba, mafi ƙanƙanta kuma da ake kira PM2.5 kada ta wuce 15. Wannan ta biyun ta fi silin gashin kai siranta kusan sau 30, hanci ba ya iya tare ta, tana wucewa har can cikin huhu. A ranar hazo mun riga mun zarce waɗannan iyakoki nesa ba kusa ba. Idan an ƙara mana ƙurar shantiye a kai, ana ƙara ta ne a kan mai asma, da tsoho, da jaririn da aka goya aka bi da shi ta gefen ramin. Lokacin rani kuma shi ne lokacin sanƙarau a yankinmu, masana sun daɗe da danganta bushewar iska da ƙura da yadda cutar take samun ƙofar shiga ta hanci da maƙogwaro, mutanen Yamai kuwa ba su manta da annobar 2015 ba.

Amsa ta biyu ita ce ƙurar ba iri ɗaya ba ce. Idan ana yanka kankare ko fasa dutse a bushe, ƙurar da take tashi tana ɗauke da sabon garin silika, wanda idan ya zauna a huhu yakan bar tabon da ba ya warkewa. Ma'aikacin da ya kamu da wannan ciwo numfashinsa yana raguwa a hankali, kuma ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka. An ga iyakar sharrinsa a Amurka, a jihar West Virginia, inda aka fara haƙa ramin Hawks Nest a 1930 ta cikin dutse mai yawan silika. An bar ma'aikata, akasarinsu baƙaƙen fata matalauta, suna huda dutsen a bushe ba tare da abin rufe hanci ba, ɗaruruwansu suka mutu cikin ƴan shekaru. Maganin da aka hana su ba wani abu ba ne illa ruwa a bakin injin huda dutsen. Yau ma idan mutum ya leƙa wuraren aiki da yawa a garinmu zai ga saurayi riƙe da injin yanka kankare, farar ƙura ta lulluɓe shi, abin da ya ɗaure hancinsa da shi tsumma ne ko rawani.

Amsa ta uku ita ce hazon Sahara ba mu da iko a kansa, amma motar da ta fito daga rami cike da jar ƙasa babu tampol, tana barbaɗa ta tun daga tsakiyar gari har inda za ta juye, tana da direba, tana da mai ita, tana da lamba. Tayoyinta suna fitowa da laka su shafe kwalta, rana ta busar da lakar, taksi da kabu-kabu su niƙe ta, ta tashi ta sauka a kan tiren mai tsire, da ƙosan da ake toyawa a bakin hanya, da kilishin da aka shanya. Mai sayen abinci yana ganin haka sai ya wuce gaba. Abin da zai hana duk wannan sananne ne kuma ba ya buƙatar ƙwararre daga waje: a rufe kayan mota, a wanke tayoyi a ƙofar fita, a kewaye wurin aiki da kwano mai tsayi, a rufe tulin yashi, a rage gudu a hanyar ratse. Hanyar ratsen ma ita ce aka fi mantawa da ita. Idan an rufe babbar hanya, motocin gari gaba ɗaya sai su koma cikin lungunan unguwa marasa kwalta, inda yara suke wasa a ƙofar gida, kuma a lissafin mai kwangila wannan lungu ba ya cikin wurin aikinsa.

A yayyafa ruwa alhali famfo ya ƙafe?

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma ina girmama masu kawo ta. A watan Afrilu da Mayu akwai unguwannin da mata suke kwana a gindin famfo, masu garuwa kuma suna ƙara kuɗi. Wanda yake cikin wannan hali idan ya ga motar ruwa tana watsa shi a ƙasa, dole ransa ya ɓaci.

Sai dai babu dalilin da zai sa a yayyafa ruwan famfo da aka kashe kuɗi aka tace. Ramin da ake haƙawa shi kansa yakan ba da ruwa, domin a sassan Yamai da dama, musamman kusa da kwari, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da nisa. Mai aikin dole ne ya zuƙe shi da famfo don ya samu ya zuba kankare. Maimakon ya sake shi a cikin lambatu, zai iya tara shi, ya bar lakar ta kwanta, ya cika motar yayyafi da shi. Haka nan ruwan da aka wanke tayoyi da shi ana iya mayar da shi a sake amfani da shi sau da yawa. Yayyafin ma yana da dabara: kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a kwarara sau ɗaya da safe a mai da hanya taɓo, wanda kafin azahar ya bushe ya koma ƙura.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne zuba baƙin man inji a hanya don a kwantar da ƙura, dabarar da wasu suke ganin wayo ce. A garin Times Beach na jihar Missouri a Amurka an yi haka a farkon shekarun 1970, ashe man yana haɗe da guba mai suna dayoksin, a 1983 gwamnati ta saye garin baki ɗaya aka tashi mutanensa. Ko man da babu irin wannan guba a cikinsa, ruwan sama na farko zai wanke shi ya kai rijiya ko kogi.

Inda ruwan yake zuwa

A nan ne na fi jin tsoro, domin ƙura ana ganinta a yi ƙorafi, ƙara ana jinsa, amma ruwan datti da zarar ya shiga lambatu ya ɓace wa ido, sai a ɗauka ya tafi.

Ruwan da yake fita daga irin wannan aiki kashi uku ne. Akwai mai laka da aka zuƙo daga rami. Akwai wanda aka wanke motar kwaɓa kankare da shi. Akwai kuma mai gauraye da gas da man inji daga inda ake gyaran motoci da inda janareto yake. Na biyun shi ne mutane suka fi rainawa, saboda a ido ruwa ne mai launin toka kawai. Amma kowane magini ya san yadda siminti yake cin hannu. A ma'aunin pH ruwa mai kyau yana wajen 7, ruwan wankin kankare kuwa yakan kai 12 ko fiye, wanda ya isa ya ƙona fata, ya kashe kifi, ya lalata shuka. Idan kuma ya tsaya a cikin lambatu, simintin da ke cikinsa yana daskarewa ya rage faɗin hanyar ruwan.

Mu dubi inda yake gangarawa. Ruwan tsakiyar Yamai mai yawa kwarin Guntu Yena yake bi ya zube a kogin Isa, kuma a gefen wannan kwari akwai masu lambu da suke ban ruwa da abin da ya gangaro musu. Gaskiya ne matatar Gudel da take ba birnin ruwan sha tana sama da tsakiyar gari, don haka abin da aka zuba a Guntu Yena ba ya komawa famfo kai tsaye. To amma a ƙasa akwai masu lambun Gamkalle, akwai manoman shinkafa na Saga, akwai masunta da masu wanki a bakin kogi. Latas da tumatir da kabejin da aka shayar da wannan ruwa kasuwanninmu suke dawowa, kuma wanda ya sa hannu a kwangilar shi ma daga nan ake yi masa cefane.

Laka ita ma ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Ruwan saman Yamai kusan duka a cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Idan damina ta tarar da tulin ƙasa a buɗe a bakin rami, cikin dare guda za ta kwashe shi ta cusa a lambatu. Lambatun da ya cika da yashi ba ya ɗaukar ruwa, ruwan sai ya nemi hanya ta cikin gidaje, inda ya kwanta kuma sauro ya samu wurin haihuwa. Birnin da ya ga ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya ɓalle ya cinye unguwanni, bai kamata ya bari a toshe masa ƴan magudanan da yake da su ba. Kuɗin yashe su daga baya kuwa daga asusun magajin gari zai fito, wato daga harajinmu.

Maganin ba shi da wuya. Ramuka biyu ko uku a jere, ruwa yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan, laka tana kwantawa a kowanne. Rami na daban da aka shimfiɗa wa leda don wanke motar kankare, a bar ruwan ya bushe a kwashe daskararren simintin. Ƙaramin tarko mai raba mai da ruwa a wurin gyaran motoci. Takardar gwajin pH da ake tsomawa a ruwa kafin a sake shi ba ta kai kuɗin abincin rana na injiniya ba.

Ƙara da aikin dare

Masu kwangila suna cewa dole su yi aiki da dare, kuma a wani ɓangaren suna da gaskiya. A bazara zafin rana yana wuce digiri 40, kankaren da aka zuba a irin wannan zafi yana saurin bushewa ya tsage, manyan motoci kuma sun fi samun hanya bayan gari ya yi shiru. Na yarda a zuba kankare da dare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fasa kwalta ko a buga ƙarfe da ƙarfe biyun dare a bayan katangar mutane, a lokacin da rabin unguwa a tsakar gida take kwana saboda zafi.

Ƙa'idar da Bankin Duniya yake bi a ayyukan da yake ba da kuɗinsu ita ce kada ƙara ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana, 45 da dare a unguwar zama. Injin fasa kwalta yana kai wa wajen 100 a kunnen mai riƙe da shi, alhali daga 85 ne ji yake fara lalacewa idan an daɗe a ciki, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A raba aiki gida biyu, mai ƙara da rana, mara ƙara da dare. A sa janareto a cikin akwatinsa nesa da gidaje. A duba lokacin jarrabawa idan akwai makaranta kusa, a duba asibiti, a tsayar da inji lokacin sallar Juma'a. Idan wani dare ya zama dole, a gaya wa mai unguwa tun da wuri ya sanar da jama'a, domin ƙaran da mutum ya san lokacin ƙarewarsa ya fi sauƙin jurewa.

"Na ɗan lokaci ne" da "ba mu da kuɗi"

Babban aiki irin wannan yakan ɗauki shekara biyu ko uku, wani lokaci ya tsaya a tsakiya a bar rami a buɗe. Shekara biyu a wajen mai tebur da jarinsa bai wuce jaka hamsin ba ta isa ta tashe shi daga sana'a, a wajen jariri kuwa ita ce lokacin da huhunsa yake girma. Wanda zai more hanyar idan an gama, mai mota ne da ya fito daga wata unguwa. Wanda ya sha wahalar yinta sau da yawa ko keke ba shi da shi.

Maganar talauci kuma ba ta tsaya ba. Ayyukan nan na biliyoyin sefa ne. Tampol da kwano da ramin tace ruwa da toshiyar kunne, idan aka haɗa su gaba ɗaya, ɗan ƙaramin abu ne a gefen kuɗin ƙarfe da siminti. Ƙasar da asibitocinta suke cike ita ce ta fi buƙatar ta hana ciwon tun daga tushe.

Doka tana nan, me ya rage?

Wani zai ce ai an riga an yi doka, kuma haka ne. Akwai doka mai lamba 98-56 ta Disamban 1998 a kan kula da muhalli, akwai mai lamba 2018-28 ta Mayun 2018 a kan binciken tasirin ayyuka ga muhalli, akwai kuma ofishin ƙasa na BNEE da aka ɗora wa duba wannan bincike. Babban aiki ba ya farawa sai an rubuta kundin da ya bayyana illolinsa da tsarin rage su. Matsalar ita ce kundin da Faransanci yake, yana da kauri, kuma matar da ƙurar take sauka a tukunyarta ba ta san an yi mata alkawarin komai ba.

Abu na farko da nake so a yi shi ne a fitar da alkawuran daga kundi a kafa su a allo a ƙofar wurin aiki, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci: sau nawa za a yayyafa ruwa a yini, ƙarfe nawa injin fasa kwalta zai tsaya, ina ruwan rami yake zuwa, da lambar wayar wanda za a kira. A karanta su a rediyo kafin a fara haƙa, a bai wa masu unguwa da ofishin gundumar da aikin ya faɗa cikinta, daga cikin gundumomi biyar na birnin, kwafinsu.

Na biyu, kuma shi ne mai haƙora, kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya kasance yana da layinsa da farashinsa a cikin kwangila, kamar yadda tan na ƙarfe yake da nasa. Muddin an dunƙule su a jimla guda da ta ce mai aiki zai kula da muhalli, to duk wanda ya fi rage su shi zai fi araha, shi kuma zai ci kwangilar, mai gaskiya ya tashi a tutar babu. Idan suna da farashi, ofishin da yake sa ido a kan aikin zai iya cewa a wannan wata an ga motoci babu tampol, an gwada ruwa an samu ya wuce ƙima, saboda haka ba za a biya wannan layi ba, za a kuma yanke tara. A lokacin karɓar aiki kuma, kafin a saki ragowar kuɗin da akan riƙe a matsayin jingina, wakilin magajin gari da mai unguwa su bi lambatun da ke kewaye da wurin, su ɗaga murafensu ɗaya bayan ɗaya, idan an tarar da yashi ko daskararren siminti a ciki, mai kwangila ya yashe da kuɗinsa kafin a sa masa hannu.